Matanin da ke Jikin Leda

Da za a tambayi ɗaliban adabi wane rubutu ne aka fi bugawa, aka kuma fi riƙewa a hannu tsakanin Fagge da Sabon Gari, da yawansu za su ambaci littafin addini, ko jarida, ko ɗaya daga cikin littattafan soyayya da ake kasawa a bakin kasuwa. Ni kuwa a ganina duk cikinsu babu wanda ya kama ƙafar ɗan rubutun nan na jikin ledar ruwa. Daga 'Yan Kura zuwa Kantin Kwari, daga Wapa zuwa tashar motocin New Road, kullum ana buga shi dubbai, a saya, a kai shi baki, a yar. Shi kaɗai ne matanin da mai karatu ke sa wa haƙori. An daɗe ana nazarin kirari da waƙoƙin talla da rubuce-rubucen jikin manyan motoci a sassan Hausa na jami'o'inmu, saboda haka ban ga abin da zai hana a shimfiɗa wannan leda a kan tebur a yi mata tarke ba. Tana da jigo, tana da salo, tana da abin da take faɗa da ƙarfi, da abin da take faɗa ƙasa-ƙasa, da kuma wanda ta yi gum a kansa. Abin da ta yi gum a kansa shi ne ita kanta ledar, wato robar da ruwan ke kwana a cikinta kafin ya shiga cikin mutum.

Zubin matanin kusan ɗaya ne ko'ina. Akwai suna da manyan baƙaƙe, galibi mai nuni da albarka ko sanyi ko sarauta. Akwai hoto: ruwa na kwarara daga kan dutse, ko ɗigo guda mai ƙyalli, ko tsauni mai ƙanƙara irin wanda ba a taɓa gani ba a ƙasar Kano. Sai lambar rajista ta Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna, NAFDAC, da adadin ruwan, santilita 50, da adireshin masana'anta. Can ƙasa akwai gurbin ranar da aka yi ruwan da ranar da zai lalace, wanda sau da yawa ko dai a tarar da shi fayau, ko tawadar ta dame. Daga nan sai ɗan hoton mutum yana jefa shara a kwando, da wani gajeren umarni cikin ƙananan baƙaƙe, da Ingilishi, cewa a ajiye ruwan a wuri mai sanyi, nesa da hasken rana. Wannan layi na ƙarshe shi ne mafi gaskiya a duk matanin, shi ne kuma aka fi ƙanƙanta.

Sunan da bakin jama'a ya raɗa wa abin ya fi duk sunayen da aka buga tasiri. Fiya wata muke cewa, kalmomin Ingilishi biyu da aka tanƙwara, masu nufin tsarkakakken ruwa. Siffa ce ta rikiɗe ta zama suna, kuma da zarar siffa ta zama suna an daina tuhumarta. Mutum zai iya cewa wannan fiya watan yana wari, ba tare da ya ji cewa ya yi tufka da warwara ba. Dabarar talla ba ta wuce haka: a sa hukunci a cikin sunan kaya, yadda duk wanda ya buɗe baki zai saya ya riga ya ba da shaida kafin ya ɗanɗana.

Bahaushe ba baƙon hukunta ruwa ba ne. Yaron da ya zauna gaban malam a zaure, a Fagge ko a cikin birni, ya karanta Ahalari da Ishmawi da Risala, ya san cewa ana duba ruwa ta fuska uku, launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa, kuma idan ɗaya ya jirkita saboda wani abu da ya faɗa masa, hukuncinsa ya sauya. Abin da ya fi jan hankalina shi ne malaman fiƙihu ba su tsaya kan ruwan kaɗai ba, sun leƙa har cikin mazubinsa. Muhtasar na Shehu Halil, wanda manyan ɗalibai ke karantawa a Kano tun ƙarnoni, ya taɓo mas'alar ruwan matafiyi da ya ɗauki warin kwaltar da aka shafe mazubinsa da ita, masu sharhi kuma suka faɗaɗa zancen har zuwa ga abin da aka jeme salka da shi. Gaskiya ne damuwarsu ita ce ingancin alwala, ba su zauna don lissafin cutar hanta ko ƙoda ba. Duk da haka tambayar da suka yi ita ce tambayar da ɗakunan gwaje-gwaje na Turai da Amurka ke yi a yau: me mazubi ke zuba wa abin da aka zuba masa? Fagge kuwa, wadda ta tashi a matsayin zangon fatake da Buzaye masu ratso hamada da raƙuma, ta sha ruwan salka shekaru aru-aru, ta san cewa ruwa yana ɗaukar halin gidan da ya kwana.

Harshen ma ya adana wannan tarihi a ɓoye. Kalmar leda ta samo asali daga kalmar Ingilishi mai nufin fata, ga shi kuwa babu abin da ya haɗa ta da akuya ko majemi. Gora a da ɗan duma ne da aka fafe, yanzu in an ce ruwan gora kowa ya san kwalbar roba ake nufi. Sababbin mazubai sun gaji sunayen tsofaffi, tare da amincin da tsofaffin suka tara. Akwai karin maganar da ke cewa idan ruwa ya zube ya bar tulu, ya yi kyau. Ma'anarta a sarari take: mazubi shi ne jari, ruwa kuwa a koma rijiya a ɗebo wani. Randa tana shekara ashirin a gindin bishiya a tsakar gida, an san maginin da ya gina ta, an san ranar da ake wanke ta, an san moɗar da ke kanta da faifan da ke rufe ta. Leda ta kifar da wannan karin magana. Yanzu ruwan ake so, mazubin kuwa ba ya kai minti biyu a hannu, kuma abin da ba ya daɗewa a hannu ba a tambayar asalinsa.

Matsalar da ma'aunin nan na launi da ɗanɗano da ƙanshi ya shiga ita ce yawancin abin da roba ke saki ba ya taɓa ko ɗaya daga cikin ukun. Ruwa zai fito garai, ba wari, ba gafi, ya ci jarrabawar zaure, alhali yana ɗauke da abin da sai na'ura ce ke iya ganinsa. Mun gaji ido da hanci da harshe a matsayin alƙalai, sai ga shari'ar da ta fi ƙarfinsu.

Kafin in shiga abin da ledar ta ɓoye, adalci ne in faɗi abin da ta yi. Kano ta sami ruwan famfo tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, daga matatar Challawa, daga baya aka ƙara Tamburawa da Watari, amma yawan jama'a ya tsere wa bututu fintinkau. Sabon Gari, da aka yanka wa baƙi 'yan kudu bayan isowar jirgin ƙasa a 1911, an tsara ta ne don mutanen da ba su kai kaso kaɗan na masu kwana cikinta a yau ba. Gidan haya mai ɗaki ashirin yana dogara da rijiya guda, sau da yawa kusa da masai, ko da rijiyar burtsatse, ko da ɗan garuwa mai tura kura. Waɗanda suka girma a shekarun 1980 suna tuna ruwan sanyin da ake ƙullawa da hannu, a hura ledar da baki kafin a ɗura. A kan wannan ne ledar inji ta shigo cikin shekarun 1990, kuma bayan an kafa NAFDAC a 1993, musamman zamanin da Dora Akunyili ta shugabance ta daga 2001 zuwa 2008, aka matsa wa masu sana'ar su yi rajista. A 2021 cutar amai da gudawa ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, Kano na cikin jihohin da abin ya fi shafa. Wanda ya ga yadda kwalara ke zuƙe yaro cikin yini guda ba zai ce wa uwa ta bar ledar da aka tace ta koma rijiyar da ke maƙwabtaka da kwata ba. Duk tarken da ya manta da wannan, tarken ƙoshi ne.

To amma roba ba iri ɗaya ba ce, kuma a nan ne matanin ya fi cutar mai karatunsa, don yana barinsa da kalma guda, roba, a inda ake buƙatar aƙalla huɗu. Tun 1988 masana'antun Amurka suka fito da 'yar alamar nan mai kusurwa uku da lamba a tsakiya, wadda ake gani a gindin gora ko jarka. Ledar ruwa daga foliyetilin mai laushi ake yin ta, mai lamba 4. Ba a sa mata sinadarin bisfinol A da ake yawan ambata, amma ana haɗa ta da wasu sinadarai masu hana ta tsufa da mannewa, ana buga mata tawada a baya, kuma jikinta yana barin wari ya ratsa. Shi ya sa jakar ruwan da aka jingine kusa da jarkar fetur ko katan ɗin sabulu take ɗaukar warinsu ba tare da ta huje ba. Rana kuma tana cin ta a hankali har ta yi rauni. Sannan akwai abin da kowa ke yi ba ya lura: kusurwar da ake ciza ita ce ta sha hannun mai lodi, da ƙasan mota, da ruwan ƙanƙarar da ke cikin bokitin mai talla.

Gorar ruwa mai haske, mai lamba 1, wata roba ce dabam da ake kira PET. Wajen ƙera ta ana amfani da wani ƙarfe, antimoni, wanda tsofaffin ƙamusoshi ke fassarawa da tozali, ko da yake kwallin kasuwa galibi dutsen dalma ne. Ɗan kaɗan daga wannan ƙarfe yana narkewa cikin ruwan, kuma zafi ne ke gaggauta shi. A 2008 masu bincike a Jami'ar Jihar Arizona, ƙarƙashin Paul Westerhoff, sun auna wannan a yankin da zafinsa ya yi kama da namu. A ɗaki mai matsakaicin yanayi abin da suka samu bai kai ko kusa da iyakar da hukumomin Amurka suka gindaya ba, wato maikurogiram 6 a lita. A digiri 60 sai ruwan ya yi kwana 176 kafin ya ƙetare iyakar, a digiri 65 kwana 38, a digiri 85 kuwa kwana ɗaya da 'yan sa'o'i. Waɗannan alƙaluma suna kwantar da hankali ta wani gefe, suna tayar da shi ta wani. Gorar da ta yi awa biyu a mota ba guba ba ce. Amma a watan Afrilu, lokacin da inuwa kanta ke haura digiri 40 a Kano, wanda ya bi ta Kasuwar Singa ko France Road ya ga yadda ake jibge ruwa a bayan buɗaɗɗiyar mota, ko a gaban shago a kan siminti, ko a cikin kwantenar ƙarfe da ke rufe tun Asuba, ya san cewa lissafin kwanaki da zafi ba zancen Arizona kaɗai ba ne.

Bisfinol A, ko BPA a taƙaice, gidansa shi ne roba mai tauri mai lamba 7, irin wadda aka saba yin manyan gorunan nan masu cin kusan lita 19 da ita, waɗanda ake kifawa a kan na'urar sanyaya ruwa a bankuna da ofisoshi da falon masu hali. Wani Barushe, Aleksandr Dianin, ya fara haɗa sinadarin a 1891, kuma tun shekarun 1930 aka gano a Ingila cewa yana kwaikwayon sinadarin jikin mace mai tafiyar da balaga da haihuwa. Tarayyar Turai ta hana shi a bulumbotin jarirai a 2011, Amurka ta bi sahu a 2012, Faransa ta kore shi daga duk mazubin abinci a 2015. A Afrilun 2023 hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta rage adadin da ta ce jiki zai iya ɗauka kullum har ninki 20,000, kuma a ƙarshen 2024 Tarayyar ta zartar da haramta shi a duk abin da ke taɓa abinci da abin sha. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka kuwa tana nan a kan cewa ɗan abin da ke shiga abinci bai kai ga cutarwa ba. Masana sun rabu, kuma rabuwar tasu ta gaskiya ce. Abin dariya, in har akwai dariya a ciki, shi ne mazubin da aka fi tuhuma a duniya shi ne wanda a nan ake ɗauka alamar wayewa, ledar talaka kuwa ba da wannan sinadari ake yin ta ba.

Jarkar ɗan garuwa ita ce ba ta da matani sam, ko kuma tana ɗauke da matanin wani. Rawayar jarka mai lita 25 an yi ta ne don man girki, robarta mai lamba 2 tana cikin waɗanda ba a cika kuka da su ba, illarta tana ga gansakukar da ke kwanciya a cikinta in an daɗe ba a wanke ba. Wadda ta fi ban tsoro ita ce shuɗiyar duro ko jarkar da ta fito daga masana'anta. Kano gari ne na jima da rini da saƙa, Sharaɗa da Challawa da Bompai suna karɓar sinadarai a irin waɗannan mazubai, kuma in sun ƙare ba a binne su, kasuwa suke shiga. Roba tana shan abin da aka daɗe ana ajiyewa a cikinta, wanki da omo ba ya fitar da shi duka. Matar da ta sayi irin wannan duro don tara ruwan sha ta ga rubutu a jikinsa, wataƙila har da hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa, amma da harshen da ba nata ba.

Akwai matani na biyu da ke yawo a garin, kishiyar na jikin leda, shi ne na tsoro. Yana zuwa ta saƙon murya a WhatsApp, ko ta bakin mai wa'azin magani a tasha. Salonsa kambamawa ce zalla: duk wanda ya sha ruwan da ya kwana a mota zai kamu da sankara, duk wanda ya daskarar da gora a firji ya saki wani dafi mai suna dayoksin. A 2016 ministan noma na lokacin, Audu Ogbeh, ya yi gargaɗi a bainar jama'a kan alalar da ake dafawa a leda da ruwan ledar da ya sha rana, jaridu suka ɗauka, maganar ta bazu, kowa ya ƙara mata gishiri. Gargaɗin yana da tushe, tun da zafi da mai suna jawo sinadarai daga roba fiye da ruwan sanyi. Amma zancen dayoksin a firji tatsuniya ce da ta daɗe tana yawo a intanet, har sai da Jami'ar Johns Hopkins, wadda ake jingina wa maganar, ta fito ta nesanta kanta da ita. Sanyi rage fitar sinadari yake yi. Dayoksin a wuta ake haifarsa, idan aka ƙona shara mai haɗe da roba, musamman mai sinadarin kulorin. Wato hayaƙin bolar da ake cinna wa wuta a gefen Jakara, da ledar da ake kunna gawayi da ita kowace safiya a gaban mai shayi da mai ƙosai, sun fi kusa da wannan dafi fiye da gorar da ke cikin firji. Ƙaryar ta sa mutane suna tsoron inda babu kura, suna kwana a bakin raminta.

Ina ɗaukar wannan da nauyi ne saboda Kano ta taɓa biyan kuɗin irin wannan salo. A 2003 jita-jitar cewa allurar rigakafin shan inna tana hana haihuwa ta sa aka dakatar da ita a jihar har zuwa tsakiyar 2004, cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Maganar BPA magana ce da ta shafi haihuwa, kuma babu kalmar da ta fi saurin kama wuta a garin nan kamar ita. Marubucin da zai taɓa ta dole ya san nauyin abin da ya ɗauka. In ya ce an gano sinadarin yana kwaikwayon na jikin mace, ya faɗi gaskiya. In ya ce ruwan gora makirci ne na ƙarar da zuriya, ya ƙirƙiri almara, kuma almarar za ta fi gaskiyar gudu. Haka zancen ɓurɓushin roba yake. Binciken da Sherri Mason ta jagoranta a 2018 ya sami ɓurɓushin a kashi 93 cikin ɗari na goruna 259 da aka sayo daga ƙasashe tara, wani kuma daga Jami'ar Columbia a Janairun 2024 ya ƙirga kimanin ƙwaya 240,000 a lita guda, mafi yawansu ƙanana ƙwarai. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2019, ta ce hujjar da ke hannu ba ta nuna babban haɗari ba, ta nemi a ƙara bincike, ta kuma tunatar cewa ƙwayoyin cuta su ne suka fi kashe masu shan ruwa. Mai saƙon murya zai ɗauki 240,000 ya bar sauran.

Tsakanin matanin talla da matanin tsoro akwai fili, kuma a nan ne na sa ran in tarar da adabi. Ƙagaggen labarin Hausa na zamani da neman ruwa ya buɗe ido. Ruwan Bagaja, wanda Abubakar Imam ya rubuta don gasar da Rupert East ya shirya a 1933, aka buga a 1934, labarin mutum ne da ya bar gida don ya samo ruwan da zai warkar da ɗan sarki, ya kuma wanke wulaƙancin da aka yi wa liman a fada. Darajar ruwan tana ga nisansa da wahalar isa gare shi. Hoton tsauni da magangarar ruwa da ke jikin leda jikan wannan tunani ne: yana ce wa mai saye ruwan daga wata Bagaja ya fito, alhali adireshin da ke ƙasan hoton yana nuna wani lungu ne da a-daidaita-sahu zai kai ka cikin minti ashirin, inda rijiyar burtsatse da injin liƙe leda suke a bayan gida. Imam yana da uzuri, almara ya ce zai ba mu, ya kuma cika ta da raha da Malam Zurƙe. Mai leda ya ari rigar almara ya sa wa abin da za a haɗiya.

A littattafan da suka biyo bayan bunƙasar adabin kasuwar Kano, da waɗanda ake rubutawa yanzu a waya ana rabawa babi-babi, na lura ruwa ya koma kayan ado. In marubuciya tana son mu san gidan masu kuɗi ne, sai tauraruwa ta buɗe firji ta ɗauko gora mai raɓa, ta ɗora a tire da kofin gilashi. In gidan talaka ne, sai a aiki yaro ya sayo na leda, ko a ɗebo na randa a kofin silba. Mazubi ya zama ma'aunin aji, kamar mota da leshi. Alamar tana aiki, ban musa ba, mai karatu yana ganewa nan take. Abin da na ƙi shi ne yadda ta karɓi tsanin da talla ta kafa ba tare da tambaya ba: gora a sama, leda a tsakiya, randa a ƙasa. Randar da ake wankewa, aka zuba mata tafasasshen ruwa, aka rufe, tana sanyaya ruwa da kanta ta hanyar tsattsafowa, ba ta san antimoni ba, ba ta san BPA ba. Marubucin da ya mayar da ita alamar talauci kawai ya taya mai talla aiki kyauta.

Na san dalilin da ya sa labarin ke da wuyar rubutuwa. Rob Nixon, a littafinsa na 2011 kan muhalli da talakawa, ya yi bayanin irin cutarwar da ke tafiya a hankali, wadda ba ta da ranar farawa balle a yi mata kanun labari. A 2021, da aka sayar wa masu haɗa lemo wani sinadari da sunan ɗan tsami a Kano, mutane suka riƙa fitsarin jini, ɗaruruwa suka kwanta asibiti, wasu suka rasu, cikin 'yan kwanaki gari ya ɗauka, don akwai mugu, akwai gawa, akwai ranar da abin ya faru. Gubar dalma ta Zamfara a 2010 ma sai da yara suka mutu ɗari-ɗari a ƙauyukan Anka da Bukkuyum kafin duniya ta waiwaya. Abin da roba ke yi, in tana yi, ba ya zuwa da kururuwa. Ɗigo ne a kan ɗigo cikin shekara talatin, a jikin mutumin da kuma yake shaƙar hayaƙin janareta, yana cin tuwon da aka naɗe da zafinsa a leda, yadda ko likita ba zai iya nuna ɗan yatsa ga abu guda ba. Zubin labarinmu ya saba da kishiya da boka da ɗan fashi. Bai saba da mugun da ba shi da fuska ba, balle wanda wataƙila rabin laifin da ake ɗora masa ba nasa ba ne.

Amma taurarin suna nan, suna jiran wanda zai rubuta su. Akwai yarinyar da ke ratsa tsakanin manyan motocin kudu da bokiti a ka, wadda ta san cewa ƙanƙarar naira nawa za ta kai ta La'asar. Akwai ɗan garuwan da ya zo cin rani daga Damagaram ko Maraɗi, wanda ke banbance jarkokinsa goma sha biyu da wari. Akwai yaron da ke bin wuraren biki da bola yana tsintar goruna, ya sayar wa dillali, dillali ya sayar wa mai zoɓo da kunun aya, gorar da aka ƙera don sha ɗaya ta yi rayuwa ta uku da ta huɗu, ta kakkarce, datti ya sami maɓoya a cikin karcewar. A wannan mataki ƙwayar cuta ta fi sinadari haɗari, kuma mai zoɓon da ta ɗauraye gorar da tafasasshen ruwa don ta kashe ƙwayar cutar, ita ce kuma take sa robar ta motse ta saki abin da ke jikinta. Wannan matsi, inda kowace mafita take da nata farashi, ya fi rikicin kishiyoyi goma zurfi, kuma a Fagge yake faruwa kowace safiya.

Lambar NAFDAC, wadda mai saye ke dubawa in ya duba wani abu, shaida ce cewa an ga masana'antar, an gwada samfurin ruwanta lokacin rajista. Ba ta bin jakar ruwa zuwa bayan mota, ba ta zama da ita a rana a gaban shago. Daga ƙofar masana'anta zuwa bakin mai sha, abin da ke tsaron ruwan shi ne ɗan layin nan na a nisanta shi da rana, kuma waɗanda aikin ya rataya a wuyansu su ne direba da yaron mota da mai shago da mai talla. Akasarinsu Hausa suke karantawa, wasu da boko, wasu da ajami, a Sabon Gari kuma akwai masu Ibo da Yarbanci. An rubuta musu umarnin da Ingilishi, da baƙaƙen da sai an kanne ido, a ƙarƙashin hoton tsaunin da ya cinye rabin ledar.